Inda Yaya Mas'udu Bai Bar Ƙofa Ba

Litinin, hantsi

Yau na buɗe laftof ɗin Yaya Mas'udu. Inna ba ta hana ni ba. Ta dai tsaya bakin ɗaki ta dube ni, sannan ta koma kan tsintar shinkafarta. Direban da ya kawo jakar laftof ɗin ranar Juma'a ya ce a ƙarƙashin kujera ya same ta, bayan an janye motar daga bakin hanyar Sabuwa, inda aka tare su aka shiga daji da Yaya. Caja na ciki, da fulash, da rabin ƙullin gyaɗa.

Bari in rubuta aikin da ke gabana, ko hankalina ya tsaya wuri guda. Yaya ya rubuta wa ƙananan asibitocin karkara manhaja, ya sa mata suna Turke. Tana ajiye bayanin marasa lafiya a kwamfutar hannu ko babu sabis, in sabis ya zo ta aika. Uwar manhajar ƙarama ce, ba ta san komai ba sai sunan mutum da garinsu da asibitin da ya zo. Sauran aikin rassa ke yi: reshen awon ciki, reshen rigakafi, reshen ɗakin magani. Kowane reshe yana shiga uwar ta wani wuri da Yaya ya bari da gangan, wuraren da yake kira ƙofofi. Wanda ya san ƙofa zai iya rubuta sabon reshe ya liƙa, ba sai ya taɓa uwar ba. Sai dai a kan Yaya kaɗai sanin yake. Shi ya sa da na gama karatu na dawo Ƙanƙara ya ce in zauna in rubuta bayanin kowace ƙofa: yaushe take buɗewa, me take miƙo wa reshe, me take jira a mayar mata. Ina tambaya, yana amsawa yana cin gyaɗa, ina rubutawa. Ba mu yi nisa ba.

Yanzu sai in tambayi manhajar da kanta.

Talata, bayan azahar

Kawu Sha'ibu ya zo, ya zauna da Inna a zaure, ya tafi. Wayar gidan a hannunsa take yanzu, shi ke magana da mutanen dajin.

Laraba, da safe

Na samo dabara, kuma ta burge ni har na ji kunyar burgewar. Na rubuta wani ɗan reshe da ba ya aikin komai sai leƙe. A kowace ƙofa na liƙa shi, in ƙofar ta buɗe sai ya rubuta a allo cewa ya ga kaza ya wuce. Sannan na ƙirƙiro wata majinyaciya ta ƙarya na shigar da ita, na zuba ido.

Ashe abin jere yake kamar masu ɗibar ruwa. Ƙofar da ya kira kafin_ajiya ce ke fara buɗewa, sai bayan_ajiya, sai wata can ƙarshe mai suna in_sabis_ya_dawo, wadda ta yi gum har sai da na kunna data. Da Hausa ya raɗa musu suna duka. Na sha jin yana cewa wanda zai gyara Turke nan gaba daga Mabai ko Pauwa zai fito, ba daga ƙasar waje ba.

A wani wuri cikin kod ɗin, wato layukan umarnin da aka gina manhajar da su, ya bar rubutu: kar ki taɓa nan. Na daɗe ina kallon wannan "ki". Na duba kwanan watan, ina makaranta lokacin da ya rubuta, ko maganar aikina ba a fara ba. Da wa yake? Can ƙasa na sake ganin wani: nan kike yi mini gardama. Sai na gane da manhajar yake magana, kamar yadda Inna ke yi wa akuyarta faɗa.

Na yi dariya ni kaɗai. Anti Suwaiba, matar Yaya, tana shanya a tsakar gida, ta juyo. Na rufe bakina.

Alhamis, la'asar

An yi ruwa. Dawa ta yi tsawon da ba a ganin mutum a gonakin bayan gari. Da can wannan abin murna ne.

Kawu ya zo, ya tafi.

Asabar, hantsi

Malama Nasara ta kira ni daga Faskari. Ita ce ungozomar da ta fara amfani da Turke tun yana gwaji, kuma ita ce ta fi kowa yi wa Yaya ƙorafi, shi ya sa yake ji da ita. Ta fara da gaisuwa mai tsawo, ta ce a cocinsu ana sa shi a addu'a kowace Lahadi. Na yi godiya.  Sannan ta ce akwai maganar aiki, in ba zan iya ba yanzu in faɗa mata.

Mutanen ƙauyuka sun taso sun cika wata firamare kusa da asibitinsu. Akwai masu ciki da yawa, kuma ba wadda ta tsaya ɗaukar katin awo a yadda suka fito. Kowace ta zo sai ta shigar da ita Turke a matsayin sabuwa, ba tarihi. Shekaranjiya wata ta fara jijjiga a hannunta. Daga baya ta ji cewa a asibitin garinsu an daɗe da sanin matar tana da hawan jini, an rubuta, yana nan cikin Turke na can. Matar ta rayu. Ba ta ce komai game da jaririn ba, ni ma ban tambaya ba.

Ta ce, "Hamida, bayanin nan yana nan a ajiye, amma matar ta taho ta bar shi. Ba yadda za a yi ya biyo ta?"

Na ce zan duba.

Asabar, bayan la'asar

Na kira Ɗanlahadi a Sabuwa. Shi ya taya Yaya rubuta reshen rigakafi, kuma shi ne ya zauna jiransa a tasha ranar nan har aka kira magariba. Bai taɓo wannan ba. Ya ce reshen da zai nemo tarihin mace daga wani asibiti ba zai yi masa wuya ba, in dai na nuna masa ƙofar da zai shiga. Na ce ya ba ni zuwa gobe.

Lahadi, azahar

Babu ita.

Na liƙa ɗan leƙena a ko'ina. Na ɗauki majinyaciyata ta ƙarya daga asibitin garin Ƙetare na kai ta Faskari, na zuba ido in ga wace ƙofa za ta motsa. Ba wadda ta motsa. Uwar manhajar ta karɓe ta a matsayin wata sabuwar mace, ta bar ta farkon a Ƙetare tana zaune.

Na bi kod ɗin layi-layi don in gane dalili, kuma na gane. Tun daga tushe Yaya ya ɗaure kowane mutum da asibiti guda. Ba mantuwa ba ce. Lokacin da ya fara rubuta Turke, macen da ta yi awon fari a Mabai a Mabai za ta yi na ƙarshe, a nan za a yi wa ɗanta rigakafi. Bai ga dalilin barin ƙofa inda ba mai wucewa ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Ashe ƙofofin da mutum ya bari suna nuna abin da ya zata zai canja, bangon kuma abin da ya ɗauka ba zai taɓa canjawa ba. Ina so in san ko ya taɓa tunanin wannan a 'yan watannin nan. Ina da tambayoyi da yawa da zan yi masa.

Litinin, da safe

Garken bayan gida ya yi shiru, an sayar da dabbobin. Inna ta share wurin da kanta, ta hana kowa taya ta.

Talata, hantsi

Ɗanlahadi ya ce hanya biyu ce. Ko ya yi dabara ya lallaɓa ta ƙofar bayan_ajiya, abin ya yi aiki yau ya karye gobe, ko a fasa sabuwar ƙofa a jikin uwar. Ya ce shi ba zai taɓa uwar ba, ba huruminsa ba ne. Laftof ɗin kuma a hannuna yake.

Ba wanda ya taɓa sa hannu a uwar Turke sai Yaya. Ko ni da nake ƙanwarsa karantawa kawai nake. Na ce wa Ɗanlahadi mu ɗan jira. Ya ce to. Bai tambaye ni me za mu jira ba.

Laraba, la'asar

Ban buɗe laftof ba yau. Na taya Anti Suwaiba surfe.

Alhamis, bayan azahar

Kawu ya zo. Wannan karon ya kira ni zaure, ya ce sun ji muryar Yaya. Ya ce, "Da ranshi, ɗiyata. Muryar ta yi ƙasa, amma tashi ta." Na tambaye shi me ya ce. Kawu ya ce ba a bar shi ya daɗe ba. Sauran abin da aka faɗa a zauren ba zan rubuta ba.

Da na koma ɗaki Anti Suwaiba ta biyo ni, abin da ba ta saba ba. Ta zauna bakin gado tana kallon laftof ɗin a rufe. Ta ce ta ji wayata da ungozomar Faskari ranar Asabar, me ya hana a yi abin? Na yi mata bayani iya yadda zan iya. Na ce kamar a fasa ƙofa ne a ɗakin mutum ba ya nan.

Ta ce, "In ya dawo ya tarar kin fasa, faɗa zai yi miki. In ya dawo ya tarar kin zauna jiransa mata suna faɗuwa, ban san me zai yi miki ba."

Ta ce "in ya dawo" har sau biyu, muryarta ba ta yi rawa ba. Ni ce ban iya kallonta ba.

Juma'a, hantsi

Na kwafi uwar na ajiye a fulash yadda ya bar ta. Sannan na fara.

Asabar, la'asar

Abin mamaki, aikin kansa ɗan kaɗan ne. Neman inda za a fasa shi ne wahalar. Na gwada can farko, kafin uwar ta karɓi suna, sai reshen rigakafi ya rikice. Na gwada can ƙarshe, sai ya zama an riga an yi wa mace sabon shafi kafin a tambaya ko tana da tsoho. Wurin da ya dace yana tsakani, daidai lokacin da ma'aikaciya ta gama rubuta suna da gari amma ba ta danna ajiye ba. A nan na sa uwar ta tsaya ta yi tambaya: akwai reshen da ya san wannan matar daga wani wuri?

Na daɗe a kan suna. Na rubuta in_an_gudo, na goge. Na bar shi in_ta_sauya_wuri.

Sola ta ɗauke kafin in gama gwaji, hadari ya rufe rana tun azahar.

Lahadi, da safe

Na rubuta shafin bayanin. Wannan ne karo na farko da nake rubuta bayanin ƙofar da na san dalilinta tun daga tushe, kuma ya fi sauran wuya. Abin da na sani sosai sai in ga kamar ba ya buƙatar faɗi. Yanzu na gane abin da ya sa Yaya ke cewa "ai a fili yake" duk lokacin da na tambaye shi abin da ba a fili yake ba.

Na aika wa Ɗanlahadi, na ce kada ya kira ni. In ya rasa wani abu, shafin ne bai cika ba, ya rubuto in gyara shafin. Ina so in ga ko takarda za ta iya tsayawa ita kaɗai ba mai ita a kusa.

Talata, azahar

Bai kira ba. Ya gama reshen.

Laraba, hantsi

Malama Nasara sai ta hau dutsen bayan asibiti take samun sabis. Daga can ta kira tana haki, ta ce ya yi. Ta shigar da wata mata daga wajen Pauwa, sai ga awonta na baya ya fito, har da allurar da aka yi mata. Ta ce matar ta leƙa allon ta tambaya wa ya kawo katinta.

Na gaya wa Inna. Ta ce, "Mi kika ce an yi?" Na sake bayani. Ta ce Allah shi yi albarka, ta ci gaba da jan carbinta. Ban tabbata ta ji ba.

Kawu bai zo ba yau.

Alhamis, la'asar

Kawu bai zo ba.

Juma'a, bayan sallar Juma'a

An samu matsala, kuma daga shafina take.

Mata biyu ne, kowace Mero Abdulƙarim, duka daga Ƙetare, shekarunsu kusa da juna. Reshen Ɗanlahadi ya ga suna ɗaya, gari ɗaya, sai ya haɗe su ya mayar da su mace guda. Ɗaya cikinta ya tsufa, ɗayar ko wata huɗu bai cika ba. Allah ya sa Malama Nasara tana duba ciki da hannunta kafin ta duba allo. Ta ce ta ga allon yana cewa haihuwa ta kusa, ta dubi matar da ke gabanta, ta ajiye kwamfutar gefe.

Ɗanlahadi ya yi ta ba da haƙuri. Na koma na karanta shafin da idon wanda bai san komai ba. Na rubuta abin da ƙofar ke miƙowa, na rubuta abin da take karɓa. Ban rubuta ko'ina cewa suna da gari ba su isa shaida ba. Ni na san haka, a unguwarmu kaɗai Mero nawa ce? Amma ban faɗa ba, shi kuma ya bi abin da aka rubuta.

Na ƙara sashe na sa masa kai: abin da wannan ƙofa ba ta yi alkawari ba. Na kuma gyara ƙofar kanta, yadda reshe ba zai iya haɗe kowa da kowa ba. Iyakarsa ya kawo waɗanda yake zato, ma'aikaciya ta tambayi matar, ita ta zaɓa.

Sai na koma kan tsofaffin shafukan da muka rubuta da Yaya. Babu wannan sashe a ko ɗaya. Yanzu kowace ƙofa na kalla sai in ji ina son sanin me za ta bari a yi da bai kamata ba. Na kwashe yammacin ina aika wa kafin_ajiya shirme iri-iri don in ga me za ta haɗiye. Ta karɓi mace mai shekara ɗari biyu ba ta ce uffan ba.

Asabar, da safe

Kawu ya zo da asuba da wasu mutum biyu da ban sani ba. Sun ɗauki buhun kuɗin fansa da ke zaure. Ya ce kada kowa ya kira shi, shi zai kira.

Lahadi, azahar

Inna ta dafa tuwo da yawa, ba wanda ya ci. Na rubuta bayanin in_sabis_ya_dawo. Ban san ko daidai na rubuta ba.

Litinin, la'asar

Yaya ya dawo.

Laraba, hantsi

Gidan ya cika da 'yan barka, sai yau na samu zama. Ƙafafunsa sun kumbura, Anti Suwaiba tana gasa masa da ruwan ɗumi safe da yamma. Ba ya zama sai bayansa na jikin bango. In babur ya wuce a waje sai ya daina tauna har ƙarar ta ɓace. Jiya na ga ya gutsuri burodi ya tura ƙarƙashin tabarma, sannan ya lura ina kallo, ya ciro ya ajiye a faranti.

Cikin waɗanda ke motar, ba duka aka sako ba. Wata tsohuwa ta zo daga Faskari tana tambayarsa ɗanta. Sun daɗe a ɗaki. 

Bai tambayi Turke ba. Na mayar da laftof ɗin cikin jakarsa na rataye a bayan ƙofa.

Asabar, bayan azahar

Malama Nasara ta aiko da zuma. Ɗanlahadi ya ce zai zo in hanya ta yi kyau. Na roƙe su duka kada su ta da maganar aiki.

Yaya yana kwana da rana, idonsa rabi a buɗe.

Talata, la'asar

Ni na kasa riƙewa. Yana zaune a inuwar ɗakin Inna, na zauna nesa kaɗan ina tsinke zogale, sai kawai na ji bakina yana cewa na taɓa uwar Turke.

Bai juyo ba. Can ya ce, "A ina?"

Na faɗa masa. Na ba shi labarin firamaren Faskari, da matar da ta yi jijjiga, da Mero biyu. Ya saurara idonsa a ƙasa. Na ɗauka ma ya tafi wani tunanin. Sai ya ce in karanto masa shafin, idonsa ba ya son hasken allo tukuna. Na ɗauko na karanta. 

Da na kai ƙarshe ya tambaya, in tarihin mace ya biyo ta Faskari, na garinsu gogewa ake ko bari? Na ce bari ake, kwafi ne ke tafiya. Ya ce to in an zauna lafiya ta koma gida, aka ci gaba da rubutu a kan tsohon, wanne ne na gaskiya? Na ce wanda aka rubuta daga baya. Ya ɗago kai, karo na farko da ya dube ni sosai tun dawowarsa.

"Da wane agogo? Kwamfutocin nan in batir ya mutu kwanan wata komawa baya yake. Rabin na Sabuwa suna shekarar da ta wuce."

Ban san wannan ba. Na ce ai ba a rubuta ko'ina ba. Ya ce ai kowa ya sani. Na ce ni ban sani ba, Ɗanlahadi ma da ya sani da ya faɗa. Ya ce da na tambaya. Na ce wa zan tambaya?

Maganar ta fita kafin in kama ta.  Anti Suwaiba tana tsaye bakin madafa da kwanon kununsa a hannu, ba ta matso ba, ba ta koma ba.

Shi ya fara magana. Ya ce wurin da na fasa ƙofar daidai ne, shi ma nan zai fasa. Sunan ne bai yi masa ba, don maza ma suna sauya wuri. Sannan ya koma kan maganar agogo, yana zana layi a ƙasa da tsinken zogale, asibiti nan, asibiti can, mace a tsakani. Ya kawo dabara, na nuna masa inda za ta karye. Na kawo tawa, ya karya ta. Muryarsa ta ɗan tashi har Inna ta leƙo ta taga, ta dube mu, ta saki labule.

Har aka kira magariba ba mu samo amsar ba. Na tambaye shi ko dama ya san yadda za a yi yana gwada ni ne. Ya ce wallahi bai sani ba. Ya karɓi kunun da ya riga ya huce ya shanye, ya dafa bango ya miƙe.

Ya ce gobe da hantsi in fito da laftof ɗin nan inuwa, in rage hasken allon.